Koya wa yaran nazare al'adun wata ƙasa ta hanyar aikin hannu: misali da Japan

Tambaya: Ina koyar da yara 18, 'yan shekara 3 zuwa 5, a ajin nazare. An ba ni mako biyu in gabatar musu da ƙasar Japan. Na fara da nuna musu taswira, na kuma sa suka shafa wa tutar ƙasar kala, amma washegari babu wanda ya tuna komai, har wani yaro ya tambaye ni ko Japan sunan mutum ne. Waɗanne ayyuka ya kamata in yi da su, kuma yaya zan tsara su?

Amsa: Malama, yaron da ya yi miki wannan tambaya bai yi shirme ba, ya ma nuna miki inda gizo ke saƙar. A kunnen ɗan shekara huɗu, "ƙasa" ita ce abin da yake zama a kai yana wasa da shi. Ƙasa mai iyaka da tuta da babban birni ba ta riga ta samu wurin zama a kansa ba. A 1951 masanin nan na tunanin yara Jean Piaget da abokiyar aikinsa Anne-Marie Weil sun wallafa binciken da suka yi a kan yaran birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan. Ƙananan cikinsu, in an ce su zana birninsu da ƙasarsu, sai su yi da'ira biyu gefe da gefe maimakon su sa ɗaya cikin ɗaya, kuma ba sa yarda cewa mutum zai iya zama ɗan Jeniba kuma ɗan Suwizalan a lokaci guda. Sai wajen shekara 10 zuwa 11 abin ke zauna musu daram. To in haka lamarin yake game da ƙasar da yaro ke ciki, ina ga wadda bai taɓa gani ba? Taswira da tuta alamomi ne, alama kuwa ba ta aiki sai ga wanda ya riga ya san abin da take nunawa.

Abin da ɗan nazare ya sani sarai shi ne wuni: tashi daga barci, sa takalmi, cin abinci, wasa, gaisuwa. Ta nan za ki shiga. Ki mai da darasin ya zama labarin wunin yaro ɗaya mai shekarunsu da ke zaune a Japan. Ki samo 'yar tsana ko ki yanka ɗaya daga kwali mai tsawon santimita 40, ki sa mata riga da siket irin na yau da kullum, ki raɗa mata suna, misali Yuki, 'yar shekara huɗu, tana zaune da iyayenta da ƙaninta a hawa na shida na wani dogon bene a Tokiyo. Duk aikin da za a yi cikin mako biyun nan, daga wajen Yuki zai fito: yau za mu yi abin da take ci in an je yawo, gobe za mu yi abin da ake rataye mata ranar bikin yara. Ki haɗa da hotuna na gaske guda 8 zuwa 10, manya, an buga su an liƙa a daidai tsayin idon yara: yara suna tsallaka titi da hulunan makaranta, kanti, jirgin ƙasa, gonar shinkafa, ɗakin girki na gida. Hoton gaske ya fi zanen katun nesa ba kusa ba, domin zanen katun yakan zuzuta kamanni.

Akwai wani tarko da malamai masu kyakkyawar niyya ke faɗawa. Malamar tarbiyyar yara ta Amurka, Louise Derman-Sparks, ta raɗa masa suna a 1989: manhajar 'yan yawon buɗe ido. Wato a leƙa wata al'umma kwana biyu, a ɗauko tufafin biki da abinci ɗaya da rawa ɗaya, a yi hoto, a koma "rayuwa ta gaske". Yaro sai ya tashi da tunanin cewa mutanen can kullum cikin kayan biki suke. A Japan doguwar rigar kimono ta ranakun musamman ce, kamar ɗaurin aure ko bikin Shichi-Go-San na 15 ga Nuwamba da ake yi wa yara 'yan shekara 3, 5 da 7. Samurai da ninja, mayaƙan Japan na da, kuma tarihi ne. Ma'aunin da za ki riƙa amfani da shi mai sauƙi ne: kafin kowane aiki ki tambayi kanki, shin yaron Japan na yau yana yin wannan da hannunsa? In amsar e ce, aikin ya shiga. Kuma ki riƙe ƙasa ɗaya tak. Taura biyu ba ta taunuwa, ballantana ga yaran da Sin da Koriya da Japan duk sunaye ne kawai a wurinsu.

Game da tsari, kwana goma na makaranta gare ki. Zaman da'ira da safe kada ya wuce minti 8 zuwa 10. Aikin hannu kuma a yi shi rukuni-rukuni, yara 6 a tebur, minti 12 zuwa 15, sauran 12 suna wasa a kusurwoyin aji a ƙarƙashin kulawar mataimakiya har layi ya zo kansu. Duk aikin da aka ce yara 18 su yi shi tare a lokaci ɗaya, ƙarshensa malama ce ke yi musu. Ayyuka biyar ko shida sun isa, a maimaita kowanne aƙalla sau biyu. Maimaitawar nan ita ce ke sa abu ya zauna, ba yawan sababbin abubuwa ba.

Ranar farko ki fara daga bakin ƙofa. Gidajen Japan suna da wani ɗan wuri a mashiga mai suna genkan, ya ɗan fi daɓen gidan ƙasa, a nan ake cire takalmi, a juya bakinsa ya kalli ƙofa don a samu sauƙin sawa wajen fita. A makarantu kuma yara na sauya takalmin waje da wani farin takalmi mai laushi na cikin aji, uwabaki. Ki shata fili na mita 1 da mita 1.5 da salatif mai launi a bakin ƙofa, ki zana sawun ƙafa biyu-biyu a kan kwali masu kallon waje, kowane da alamar yaro. Wannan ba ya cin komai, ana yin sa kullum, kuma yana koyar da dama da hagu da jera abu biyu-biyu. Ki duba daɓen ajin tukuna: in mai santsi ne, safa tana kayar da yaro, gara ƙafa ba komai.

Kalmomi kuwa shida sun isa: konnichiwa ta gaisuwar rana, arigato ta godiya, sayonara ta sallama, sai ƙirge ichi, ni, san, wato ɗaya, biyu, uku. In kina so ki ga aji ya ɗauki dariya mai amfani, ki kawo kukan dabbobi. A Japan kare "wan wan" yake yi, kyanwa "nyaa", kwaɗo "kero kero", zakara "kokekokko". Ki fara tambayarsu yadda kare ke kuka a bakinsu, sannan ki ce ga yadda Yuki ke faɗa. A nan yaro ke fara gane cewa abu ɗaya ne, amma kowa da yadda yake kiransa, kuma wannan shi ne ainihin darasin mako biyun. Ki saurari furucin kalmomin daga bakin mai harshen a intanet kafin ki koyar, domin abin da yara suka fara ji shi suke riƙewa. Wasan janken ma yana shiga nan: dunƙulen hannu, guu, dutse ne, yatsu biyu, choki, almakashi ne, buɗaɗɗen tafi, paa, takarda ce. 'Yan shekara uku za su iya siffofin, amma ba za su gane dalilin da ya sa takarda ke cin dutse alhali almakashi na cin ta ba. Kada ki matsa musu. Ki bar su su yi ta kwaikwayon hannunki, manyan su yi gasar.

Rubutu da ruwa aiki ne marar ɓarna. Kowane yaro ya samu burushi mai kauri, ɗan kofi mai ruwa kaɗan, da allo baƙi ko kwali mai duhu. A kanji, ɗaya daga cikin salon rubutun Japan, ɗaya layi ɗaya ne a kwance, biyu layi biyu, uku layi uku, daga hagu zuwa dama. Kalmar kogi, kawa, layi uku ne a tsaye kamar ruwa na gangara, 川. Dutse mai tsayi, yama, shi ma jan burushi uku ne, 山. Ruwan na bushewa rubutun ya ɓace, a sake. Yaron da ke tsoron kuskure ya fi kowa jin daɗin wannan.

Yanzu ga naɗin takarda, origami, wanda shi ne ya fi ba malamai ciwon kai. Kuskure na farko shi ne zaɓen tsuntsun nan mai dogon wuya da aka fi sani. Yana da matakai wajen ashirin, ko babba sai ya nutsu. Ɗan nazare naɗi uku zuwa biyar ne iyakarsa. Takardar origami da aka saba sayarwa santimita 15 ce kowane gefe, amma ga ƙananan yatsu ki yanka ta santimita 20, marar kauri, gefe ɗaya mai launi ɗaya fari don yaro ya gane ciki da baya. Dole duka gefuna huɗun su zama daidai. In aka samu bambancin rabin santimita, kusurwoyi ba za su haɗu ba, yaro kuma zai ɗauka laifinsa ne.

Ki fara da fuskar kare. A ajiye takardar kusurwa ɗaya na kallon cikin yaro, a ɗauko kusurwar sama a kawo ta kan ta ƙasa, a danne. An samu mai kusurwa uku, dogon gefen a sama, tsinin a ƙasa. A lanƙwaso kusurwar dama ƙasa ta zama kunne, haka ta hagu. A ɗaga tsinin ƙasa sama kaɗan ya zama baki. A zana idanu da hanci. Naɗi huɗu ke nan. Abubuwa uku ke lalata shi. Na ɗaya, malama ta tsaya tana fuskantar yara, sai damarta ta zama hagunsu. Ki zauna a gefensu kuna kallon wuri ɗaya. Na biyu, yara na naɗi a iska; ki ce takarda ta kwanta a tebur, hannu ɗaya ya riƙe, yatsan ɗaya hannun ya yi "guga" daga tsakiya zuwa gefe sau uku. Na uku, kalmar "kusurwa" ba ta da ma'ana a wurin ɗan shekara uku. Ki ɗiga jan ɗigo a kusurwoyi biyun da za su haɗu, ki ce ja ya gai da ja. Ga ƙananan ma ki fara naɗa takardar ki warware, su bi sawun. Kunne ɗaya zai fi ɗaya tsawo, ki bar shi haka. Da zarar kin karɓa kin gyara, aikin ya zama naki. A zama na biyu, takardar da naɗin iri ɗaya, in aka juya tsinin aka ɗaga kunnuwan sama, kyanwa ce, sai a haɗa da "wan wan" da "nyaa" na kwanan baya.

Aikin da ya fi dacewa ya zama babba shi ne koinobori, kifayen ƙyalle da ake ratayewa a kan sanda iska na kaɗa su. Ana yin su ne don Ranar Yara, Kodomo no Hi, 5 ga Mayu, wadda ta zama ranar hutu a Japan tun 1948. Kifin koi an san shi da ninƙaya yana fuskantar ruwa mai ƙarfi, shi ya sa iyaye ke rataye shi suna fatan 'ya'yansu su tashi da juriya. Baƙin kifi babba na uba ne, ja na uwa, ƙananan masu shuɗi da sauran launuka na 'ya'ya. Wannan bayani kaɗai yara na kama shi nan take, domin maganar iyali ce.

Ga kayan kowane yaro: takarda mai ɗan kauri santimita 30 da 42, zirin kwali mai faɗin santimita 3 da tsawon 30, da'irori biyu farare na santimita 4 da baƙaƙe biyu na santimita 2 don idanu, zare, da sanda marar tsini mai tsawon santimita 40. Aikin kwana biyu ne. Ranar farko, takarda na shimfiɗe, yara su buga mata ɓawon kifi da soso da aka yanka siffar rabin wata. Ki zuba fenti cokali ɗaya a faranti ki baza shi siriri, launi biyu kawai a tebur. In fentin ya yi yawa ko an tsinka shi da ruwa, takardar za ta jiƙe ta yage wajen naɗi, in launuka sun kai huɗu kuma duk za su koma ruwan ƙasa. Ki rubuta sunan yaro a baya tun kafin a fara, ki bar su su kwana su bushe. Rana ta biyu, a liƙa zirin kwalin a gajeren gefe daga ciki, a naɗe takardar ta zama bututu, a haɗa gefunan da gam, a riƙe da abin maƙale shanya minti biyar. Zirin kwalin nan shi ne sirrin aikin: shi ke riƙe bakin kifin a buɗe, in babu shi bakin zai lotse, iska ba za ta shiga ba, kifin ya yi ta reto kamar tsumma. Wutsiyar ma a bar ta a buɗe, a yanke mata tsaga siffar bakin almakashi. Ke za ki huda baki wuri biyu masu fuskantar juna, a kan kwalin don kada ya yage, ki ɗaura zare. Zaren kada ya wuce santimita 20, saboda dogon zare na iya naɗe wuyan yaro. Idanun roba masu motsi da ake sayarwa ki bar su, suna ɓantarewa yaro ya kai baki. Daga nan a fita fili a yi gudu da su. In akwai yaron da ba ya tare da uba ko uwa, kada ki tilasta tsarin baƙi da ja. Ki ce kowa ya yi kifin wanda yake so a gidansu.

Sai girki. Onigiri curin shinkafa ne da ake sa wa yara a akwatin abinci, ana kuma sayar da shi a ƙananan kantuna ko'ina a Japan, galibi mai kusurwa uku. Kafin ki yi maganarsa da yara, ki aika wa iyaye takarda mako guda tun da wuri, ki lissafa duk abin da za a sa, su rubuto abin da jikin ɗansu ba ya karɓa da abin da ba a ci a gidansu. Kayan girkin Japan da suka fi tayar da borin jini su ne kifi, riɗi, da waken soya. Miyar soya ta kwalba yawanci akwai alkama a cikinta, mirin kuwa, wani ruwan girki mai zaƙi, akwai giya a ciki, don haka a bar su duka. Shinkafa da ɗan gishiri sun wadatar.

Shinkafar dole ta zama mai gajeren ƙwaya, irin wadda ake rubuta wa ta sushi a jikin leda. Ita ce mai danƙo. Doguwar shinkafa, musamman wadda aka turara kafin a sayar, warwarewa take yi, curin zai wargaje a hannun yaro. Ga yara 18, giram 400 na ɗanyar shinkafa da ruwa mililita 480 za su ba ki wajen giram 900 dafaffiya, wato curi 18 na giram 40 da ragowar na gwaji. A wanke sau uku har ruwan ya rage fari, a jiƙa minti 30, a ɗora a rufe, in ta tafasa a rage wuta sosai minti 12, a sauke a bar ta a rufe minti 10 ba tare da an buɗe ba. A baza ta a faranti ta huce har ta koma ɗumin jiki. Ki gwada a bayan hannunki. Da zafi tana ƙona yaro, in kuma ta kwana a firji ta sandare ba za ta haɗu ba. Yara su wanke hannu da sabulu. Ki ba kowa ledar naɗe abinci santimita 25, ki zuba masa cokali biyu a tsakiya, ya tattaro bakin ledar ya murɗa, ya matsa a tafinsa sau biyar yana ƙirga ichi, ni, san, yon, go. Ledar na hana shinkafa manne wa yatsu, wanda shi ne ke sa wasu yara kuka su fasa. Ana gamawa ki tattara ledojin da kanki. Kada ki nemi kusurwa uku, dunƙule ma onigiri ne. In kin samu nori, busasshen ganyen teku mai kama da baƙar takarda, ki yayyanka shi ƙanana kamar farcen babban yatsa, domin babban yanki na liƙewa a dasashi da maƙogwaro. A ci a zaune, a ci nan take. Dafaffiyar shinkafa da ta wuce awa biyu a waje zubar da ita ake yi, saboda ƙwayar cutar Bacillus cereus na jure dahuwa, ta hayayyafa a shinkafar da aka bari da ɗumi, ta jawo amai. Wanda ya ce ba zai ci ba, a ƙyale shi. Ya taɓa, ya sansana, ya ga abokansa na ci.

Sandunan cin abinci, hashi, a raba su da lokacin cin abinci, a mai da su wasan tebur. Ki naɗe 'yar takarda ta yi kaurin fensir, ki sa ta tsakanin sandunan biyu ta can sama, ki ɗaure da robar ɗaure kuɗi, sai su koma kamar matsefata. Yara su riƙa kwashe gutsattsarin soso na santimita 4 daga kwano zuwa kwano. Wake ko duwatsun ado ba su da wuri a nan. Ma'aunin da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ke amfani da shi ga kayan wasan 'yan ƙasa da shekara uku bututu ne mai faɗin santimita 3.17, abin da ya shige cikinsa zai iya shaƙe yaro. Kwalin tsakiyar takardar bayan gida ya ɗan fi shi faɗi, don haka in abu ya wuce ta cikinsa ki cire shi daga tebur. A zaune ake riƙe sanduna, ba a tafiya da su. Ki koya musu ladabi ɗaya: ba a soke su a tsaye cikin shinkafa, domin a Japan haka ake yi wa mamaci.

Don ba da labari, Japan na da kamishibai, wasan kwaikwayo na takarda. A shekarun 1930 masu ba da labari kan zaga unguwanni a kan keke da akwatin katako, su sayar wa yara alewa, sannan su riƙa zare hotuna ɗaya bayan ɗaya suna labari. Kwalin kanti da aka yanke wa taga ya isa. Hotuna shida na wunin Yuki, a rubuta maganar kowane hoto a bayan katin da zai kasance can ƙarshe lokacin da ake nuna hoton, don ki karanta kina fuskantar yara. A mako na biyu ki bar su su zana nasu wunin su ba da labari a akwatin.

Akwai abubuwan da za ki gani a intanet da ya kamata ki tsallake. Bikin Setsubun na farkon Fabrairu, da ake watsa soyayyen waken soya, bai dace da wannan aji ba. Hukumar kare masu sayayya ta Japan da kanta ta yi gargaɗin kada a ba 'yan shekara biyar zuwa ƙasa wake mai tauri ko gyaɗa da dangoginta. Mochi, wainar shinkafa mai danƙo kamar roba, tana shaƙe mutane a Japan duk sabuwar shekara. Sai kuma abin da ya shafi ibada. Bambanci ne babba tsakanin a nuna wa yaro abin da wasu ke yi da a sa shi ya yi. Kina iya cewa Yuki na haɗa tafuka ta ce itadakimasu kafin cin abinci don nuna godiya, tana kuma sunkuyar da kai in za ta gaisa, ba tare da kin jera yara kin ce su yi ba. Iyaye da yawa, mabiya addinai daban-daban, ba za su so haka ba, kuma suna da haƙƙi. Ki sa wannan bayani a takardar da za ki aika musu.

Ki shirya wa wani abu da kusan dole ya faru: yaro zai ja gefen idanunsa da yatsu, ko ya yi surutai marasa ma'ana ya ce yana Japananci. Kada ki yi dariya, kada kuma ki yi masa tsawa a gaban aji, domin sau da yawa abin da ya gani yake kwaikwaya. Ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce: "Idanun mutane iri-iri ne, kuma duk gani suke yi. In aka ja ido haka, mai irin idon yana jin zafi a ransa. Ba ma yi." Ki kawo madubi kowa ya kalli nasa idon ya zana. Mai surutan kuma ki ce masa: "Wannan ba maganar Yuki ba ce. Ga tata ta gaske," ki ba shi kalma ɗaya. Ke ma ki lura da bakinki: "Japanawa da yawa" ko "a gidan su Yuki" ya fi "Japanawa duka". In akwai yaro a ajin da ke da dangi a can, kada ki mai da shi kakakin ƙasa. Ki tuntuɓi iyayensa a keɓe ko suna son kawo wani abu. In kin samu baƙo Bajapane ko wanda ya zauna can, ki roƙe shi ya zo da abu ɗaya da za a taɓa, ya yi minti goma, ya zauna a ƙasa tare da yara.

Taswirar da kika fara da ita ba a yar da ita ba, ƙarshe za ta koma, kuma da hannu za a yi ta. A makarantun da ke bin tsarin Maria Montessori, wadda ta buɗe ajinta na farko a birnin Rum a 1907, ƙwallon duniya na farko da ake ba yaro tudunsa mai kaushi ne ruwansa mai santsi, don yatsa ya fara ganewa kafin ido. Ki samo babban tire, yara su mulmula yumɓu gida huɗu su jera a baka, babba ɗaya a tsakiya, wato Honshu inda Tokiyo take, Hokkaido a sama, Shikoku da Kyushu a ƙasa. A ɗora ɗan tsini a kan babban ya zama dutsen Fuji, mai tsawon mita 3,776. Sannan a zuba ruwa santimita ɗaya a hankali har ya zagaye su. Kalmar "tsibiri" a nan take samun ma'ana. Sai ki kawo ƙwallon duniya, ki liƙa ɗigo ɗaya inda kuke, ɗaya a Japan, yaro ya bi da yatsa daga wannan zuwa wancan. Sunayen tsibiran naki ne, ba na haddarsu ba.

Wajen auna ko sun koya, kada ki tambaye su babban birni. Ki ajiye hotuna biyu, ɗaya na Yuki na cin abinci ɗaya tana sa takalmi, ki tambayi yaro ɗaya-ɗaya: me kuke yi iri ɗaya da ita, me ya bambanta? Ki rubuta amsarsa yadda ya faɗa, ki liƙa kusa da kifinsa. Wanda ya ce "ita ma mamarta na sa mata abinci a jaka" ya kama. Wanda ya ce "su ba su da cokali" kuwa yana buƙatar hoton yaron Japan na cin shinkafa da miyar kori da cokali, abincin da ake yawan ci a can. Bayan mako biyun kada ki kwashe komai: takardun naɗi, sanduna da soso, akwatin labari da ita kanta Yuki su ci gaba da zama a kusurwar wasa har ƙarshen zango, ki riƙa ƙara takarda mai santimita 20 duk ranar Litinin domin ita ce ke fara ƙarewa.